Gajere da Sikelin Awon Kitse

Duk wanda ya zauna a Zangon Sokode ya san Gajere, ko yana so ko ba ya so. Teburinsa na sayar da caja da rigunan waya yana daura da shagona na ɗinki, saboda haka ni nake fara shan surutunsa tun da zafinsa, kafin ya isa ga sauran jama'a. Guntun mutum ne mai tumbi, da murya kamar ya aro ta wani ƙato. Tunda nake da shi ban taɓa jin ya ce "ban sani ba". Shi ne ya taɓa kiwon zomaye ya ce Faransa zai riƙa kai su, karnukan unguwar Komah suka riga Faransa.

Wannan karon abin ya faro ne daga Ikrima direban kamiyo, wato babbar motar kaya, abokinsa, wanda ya dawo daga Lome da wani faifan gilashi a cikin kwali. Sikeli ne irin na zamani, wanda ake haɗawa da waya, ya faɗi nauyin mutum har da yawan kitsen jikinsa.

Ikrima ya ce, "Ka saurara da kyau. Wanda ya sayar mini ya ce kowa zai hau sai an shigar da tsawonsa da shekarunsa a waya, kuma ba takalmi. Wata 'yar wuta ce take bi ta tafin ƙafa, sauran kuma kintace yake yi daga nauyi da tsawo. Nauyi dai gaskiya yake faɗa. Kitsen kuwa, ya ce a riƙa yi masa uzuri."

Gajere ya ce, "Kintace? Kai Ikrima, tuƙi ya cinye maka kai. Abu mai magana da waya zai yi kintace? Ba ni nan."

Ya shigar da tsawonsa da shekarunsa sau ɗaya, bai sake waiwayar wurin ba. Daga ranar, a wajen sikelin nan duk wanda ya hau Gajere ne. Kashegari ya ture cajoji gefe, ya sa aka rubuta masa allo: DOKTER GAJERE, AWON KITSE. Sikelin ma ya daina ce masa sikeli, sai "balans", yana jan kalmar kamar a bakinsa aka ƙera ta.

Wanda ya fara hawa cikin manya shi ne Malam Zainulabideen mai makarantar allo, dogon dattijo siriri, wanda in ya juya gefe sai ka neme shi. Ya tuɓe takalmi ya hau da busassun ƙafafunsa masu faso. Gajere ya duba waya, ya girgiza kai, ya yi tsaki irin na likitoci.

"Baba Malam, talatin da huɗu pursan, cikin ɗari ke nan. Kitse ya yi maka yawa."

Malam ya dubi hannunsa na dama, ya dubi na hagu. "A ina yake?"

"A ciki. Ɓoyayye ne. Ai shi ne mai kisa."

"To ka ce masa ya fito. Shekara da shekaru iyalina na nemansa."

Bayan azahar Malam ya biyo ta wurin da danshin alwala a ƙafarsa, mahauta suka matsa masa ya sake hawa. Sai ga ashirin da bakwai. Da mai hankali ne, da ya tsaya ya yi tunani. Gajere kuwa hawa benci ya yi, ya sanar wa Zango cewa bincikensa ya gano alwala tana narkar da kitse.

Husseina mai ƙosai ta ce daga bakin kaskonta, "In haka ne, da limamin Komah ya zama tsinke."

Kafin la'asar mahauta sun gane dawar garin. Kowa sai ya zo da butarsa, ya hau a bushe, ya sauka ya jiƙa ƙafa, ya sake hawa, a yi ta shewa wai ya rame. Gaban teburin ya zama taɓo. Dokter da kansa ya zame ya zauna daɓas a ciki, ya tashi yana cewa da ma yana son ya duba ƙasan balans ɗin.

Ni ma ban tsira ba. Ya ce ina da talatin da ɗaya, in bar tuwon dare. Maganar ta kai kunnen matata, aka mayar da ni kan kunu. Wannan kam har yau ban yafe ba.

To, duk wannan wasa ne. Abin da ke gaban Gajere na gaske shi ne Hadijatu, bazawara mai sayar da wake da shinkafa a tasha, mace mai tsafta da kaifin baki. Ya daɗe yana nemanta, har ya aika da goron tambaya wajen yayanta Bukari mahauci. A al'adarmu in an raba goron nan ga dangi, an ba ka ke nan. In an mayar maka da shi, sai ka nemi wata ƙofa. Bukari bai raba ba, bai mayar ba. Ya naɗe shi a ganye yana yayyafa masa ruwa, ya ce a bari sai bayan Babbar Sallah.

Ana saura kwanaki Sallah, Gajere ya ɗauki balans a hammata ya tafi tasha. Ina biye da shi, don zan karɓo yadi a wajen wani direba.

Ya ce, "Hadijatu, hau in duba ki. Ke kyauta ne."

"Allah ya kiyaye. In tuɓe takalmi a tasha don gilashi ya zage ni?"

"To bari ki ji. Ragon layyarki bana ni zan kawo."

Ta ci gaba da zuba wa wani fasinja yaji, ba ta ɗago ba. "Marigayi mijina Hanif in ya kawo rago, da kitsensa nake soya shi, kakiɗe ya kai mu har Cika-ciki. Ban taɓa aikawa a sayo mini man gyaɗa ran Sallah ba. Ka san bakin matan layinmu. Wadda ta sayi mai ran Sallah, sai wata Sallar ake daina zancenta."

Gajere ya bugi ƙirji. "Marigayi, Allah ya jiƙansa, da hannu yake zaɓe. Hannu kuwa ya tsufa. Ni da siyans zan zaɓa. Kada ki sayi mai ko cokali ɗaya. In kika ga kwalbar mai a gidanki ran Sallah, Yaya Bukari ya mayar mini da gorona."

"Ka faɗa da bakinka?"

"A gaban tela na faɗa."

Ta ce, "To. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai."

Sokode cike take da raguna, amma Gajere ya ce ragon kudu ruwa ne zalla, sai na Dapaong. Ya bi kamiyon Ikrima da zai kai siminti arewa. Abin da ya faru a can daga bakin Ikrima na ji, kuma sai da ya tsaya sau da yawa yana share hawaye kafin ya kai ƙarshe.

Sun shiga kasuwar dabbobi da hantsi. Gajere ya shimfiɗa balans a gaban wani dillali mutumin Nijar mai suna Abdulwahid, ya ce a kawo raguna layi-layi za a yi musu awo. Aka jawo na farko. Ƙafa huɗu, faifai ɗaya. In an ɗora na gaba, na baya suna ƙasa. In an tattara duka huɗun, kofato ya zame a kan gilashi, rago ya yi zaman 'yan bori. Waya kuwa ko motsi, don wutar ba ta ratsa kofato. A karo na uku ragon ya gaji da wulaƙanci, ya ja da baya ya auna Gajere a gindi, ya kai shi cikin kwandon tumatirin wata mata 'yar ƙabilar Moba. Ikrima bai ji yarenta ba, amma ya ce ko kurma ya san ba addu'a take yi ba.

Gajere ya tashi yana kaɗe tumatir, sai ga dabara ta zo masa.

"Ai abin mai sauƙi ne. Ni zan hau ba takalmi, in rungumi ragon. Wutar ta bi ta jikina ta shiga nasa. Ikrima, riƙe waya."

Ikrima ya ce, "Gajere, ƙafarka fa za ta auna. Nauyin ragon kuma ta ɗora maka."

"Kai dai karanta lamba. Wa ya tambaye ka fassara?"

Abdulwahid ya kawo wani gajeren rago mulmulalle, ɗan turke daga wajen Mandouri, wanda bayansa ya yi faɗi kamar tire. Ya ce, "Alhaji, in kitse kake nema, ga shi. Taɓa gindin wutsiyarsa ka ji."

"Ba na taɓawa. Miƙo shi."

Ya rungume shi ya hau. Ragon da ya ji ƙafafunsa a sama, sai ya saki fitsari, ya wanke wa Dokter ƙafafu tas. Lamba ta fito arba'in.

Gajere ya dire shi. "Ramamme ne. Kumburi ne kawai yake ruɗin jahilai."

Can gefe akwai wani zabgegen rago mai dogayen ƙafafu, da ƙaho kamar na ɓauna da gashi buzu-buzu, ya gama shanye ruwan daro guda ke nan. Gajere ya nuna shi. Abdulwahid ya ce, "Wannan ƙashi ne da ƙaho da ruwa. Tafiyar ƙasa ya sha daga iyakar Burkina, bai huta ba. Tsakani da Allah ba na kitse ba ne."

Gajere ya ƙyafta wa Ikrima ido. "Ka ji ɗan kasuwa? Ya ɓoye wa wani babban mutum shi."

Ya goge ƙafa da hularsa, mutum uku suka ɗora masa ragon. Gwiwoyinsa na rawa, ƙaho na sokar haɓarsa, idanunsa sun firfito, yana nishi yana cewa, "Karanta, karanta." Ikrima ya karanta: hamsin da biyu.

Da ƙyar aka raba shi da ragon. Ya zauna a ƙasa yana haki, ya ce, "Fiye da rabinsa kitse ne. Abdulwahid, yau asirinka ya tonu."

Abdulwahid ya kira mutum biyu su shaida cewa ya faɗi gaskiya kuma an ƙi ji, sannan ya sallama.

Tun daga Dapaong Gajere ya bugo mini waya, wai in ɗinka wa rago riga mai rufe shi daga wuya har gwiwa saboda bakin mutane, in yi mata aikin zare a baya, in rubuta 52 da manyan lambobi. Na ɗinka. Sana'ata ce, kuma ina da haushin kunu. Bai tsaya nan ba, ya tura saƙon murya a guruf ɗin Zango: duk matar da ke layin su Hadijatu kada ta wahalar da kanta sayen mai, ta zo ran Sallah da mazubinta, za a yi rabon kakiɗe.

A hanyar dawowa kamiyon ya lalace a hawan dutsen da ke gaban Kante, suka yi kwanaki a bakin titi. Ragon ya fitsare ruwan Dapaong kaf, ya koma cin busasshiyar ciyawa da kwalin balans. Sai da safiyar Sallah suka shigo Sokode, ana saukowa daga Idi. A bayan shagona muka sa wa ragon riga. Da hannuna ya bi ta kan haƙarƙarinsa sai na ji kamar ina shafa kwandon kaji. Na buɗe baki zan yi magana, na tuna kunu, na rufe.

Gidan Hadijatu ya cika. Mata sun jeru a gindin katanga da robobi da kwanoni, Husseina mai ƙosai har da bokiti. Malam Zainulabideen ya zo, don shi zai yanka. Bukari yana wasa wuƙa. Hadijatu ta ɗora babbar tukunyar suya a murhu, wuta na ci, ba ko ɗigon mai a gidan, kamar yadda aka yi alkawari.

Gajere ya shigo da sabuwar shadda, yana jan rago mai riga, balans a hammata. Sai da ya zagaya tsakar gida da shi don kowa ya karanta lambar.

Bukari ya ce, "A tuɓe masa rigar, ko da ita za a yanka?"

Aka tuɓe. Bukari ya ɗora hannu a gadon bayan ragon, ya matsa gindin wutsiya, ya dubi ƙanwarsa.

Gajere ya ce, "Kada ku damu da waje. Ɓoyayye ne."

Malam ya ce, "Irin nawa ke nan." Ya duba haƙora da idanu da ƙafafu, ya ce layya dai ta halatta, ya yi bisimilla ya yanka.

Bukari ya feɗe, ya buɗe ciki. Mata suka miƙo wuya. Ya duba kan tumbi, ya duba wajen ƙoda, ya kankare nan ya kankare can, ya tara abin da ya samu a tafin hannunsa, ya miƙa wa Gajere. Bai kai cikin cokalin miya ba.

"Dokter, ga hamsin da biyunka."

"Ba ka duba da kyau ba, Yaya Bukari. Duba cikin ƙashi."

"Ɓargo ne a can."

"To zafin hanya ne ya narkar da shi."

Husseina ta ce, "Ko dai ragon alwala ya yi ta yi a hanya?"

Dariya ta ɓarke har da masu riƙe ciki. Hadijatu kaɗai ba ta yi ba. Tana tsaye a bakin murhu da ludayi, tukunya ta yi zafi har tana hayaƙi, babu abin zubawa. Shaguna a rufe, matan layi kaf a tsakar gidanta da mazubai, kuma ta san kowace da labarin za ta koma. Na dubi fuskarta, sai na ji kunyar rigar da na ɗinka.

Gajere kuwa bai san an yi ruwa an ɗauke ba. Ya dire balans a tsakar gida, ya tuɓe takalmi. "Balans ba ya ƙarya. Abin da ya gani a Dapaong ya gani. A kawo kowane abu in gwada muku."

Bukari ya waiga, ya hango turmin sakwarar Hadijatu, wani ƙaton turmi na itacen kirya. Shi da Ikrima suka cicciɓo shi suka ɗora wa Gajere a ƙirji. Aka ba ni waya.

Bukari ya ce, "Tela, karanta."

Na karanta da ƙarfi yadda na bayan katanga ma za su ji. "Hamsin da biyar."

Bukari ya ce, "Ashe turmin ya fi ragon. Ƙanwata, shekara nawa kina zaune da wannan arziki ba ki sani ba? Kawo wuƙa mu feɗe shi."

Gajere yana rungume da turmi, jijiyoyin wuyansa sun tashi, ya ce, "Itacen... wataƙila mai maiƙo ne."

Ikrima ya ce, "Na gaya maka tun a Lome aka ce kintace yake. Duk abin da ka runguma, cewa yake kai ne ka ƙara ƙiba."

Ana cikin haka Malam Zainulabideen, wanda ba wanda ya lura da fitarsa, ya dawo da kwano a rufe. Ya ajiye a gaban Hadijatu ya buɗe. Kitse ne fari fat, na ragon gidansa.

Ya ce, "'Yata, zuba a tukunya kada ta fashe. Ɓoyayyen nan nawa ne ya fito yau."

Hadijatu ta durƙusa ta karɓa, ta yi godiya a hankali. Ta juye a tukunya, ƙamshi ya tashi. Matan layi suka fara sulalewa ɗaya bayan ɗaya da mazubansu a bayan zane. Sannan ta dubi yayanta, ta ce, "Yaya, kitsen wani gida ne a tukunyata ran Sallah. Ɗauko masa."

An sauke wa Gajere turmi, amma bai sauka daga kan balans ba, kamar ƙafafunsa sun manne. Waya a hannuna ta koma talatin da uku, nasa na kansa. Bukari ya shiga ɗaki ya fito da ƙunshin goron nan, ganyensa shar, ko ɗaya bai yi ciwon kai ba. Ya ɗora masa a hannu biyu.

Muryar nan ta aro ta gudu. Da wata 'yar ƙarama ya ce, "Hadijatu, baɗi zan..."

Ba ta bar shi ya ƙarasa ba. "Tela, nawa ya ce yanzu?"

Na duba. "Talatin da huɗu. Goron ya ƙara ɗaya."

Ta juya ga tukunyarta, ta fara jefa nama.

Ta ce, "Ka gani, goron ma da ɗan maiƙonsa. Kai gida ka soya."